Allura da Tufa a Birnin Kano

Malaman tafsiri da masu ba da labarin annabawa sun ruwaito cewa Annabi Idrisu, alaihis salam, shi ne farkon wanda ya yi rubutu da alƙalami, shi ne kuma farkon wanda ya ɗinka tufa da allura, alhali kuwa mutanen da suka gabace shi fatu suke ɗaurawa. Duk wanda ya san zaurukan birnin Kano da na Zariya ba zai yi mamakin haɗuwar waɗannan fannoni biyu a hannun mutum guda ba, domin a can ma tun zamanin da, malamai da almajiransu su ne mafi yawan masu aikin riga: malami ya zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga da tawada da alƙalamin da yake rubuta allo, almajiri kuma ya bi zanen da zare tsakanin darasi da darasi, yana neman abin sawa a baka ta hanyar halal.

Dalilin da ya sa allura ta sami daraja haka a wannan ƙasa yana cikin yadda ake saƙa. Masaƙinmu ba ya fitar da ƙyalle mai faɗi, sai dai sawaye dogaye sirara, waɗanda dole a jera su gefe da gefe a harhaɗa da hannu kafin su zama riga ko zane ko rawani, har ma turkuɗin da ake rinawa a Kura sawunsa bai wuce faɗin yatsa ba, ga laushi, ga rashin kauri, ta yadda in maɗinki ya kuskura ya sa masa allura mai gwaɓi sai bakin sawun ya tsefe tun kafin a kai shi marina. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya sauka Kano a shekarar 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su Timbuktu da Borno da ƙasar Azbin. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan tufafi da bai bi ta tsinin allura ba.

To, daga ina allurar take zuwa? Maƙeran gida suna ƙera basilla da manyan allurai, amma siririya mai santsi wadda kafarta ba ta cin zare, wannan haja ce ta fataken sahara, tana tasowa daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas, tare da takarda da madubi da alharini, har ta sauka a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Barth ya lissafa allurar cikin ƙananan kayan Turai irin na birnin Nurembag. Shi kansa da guzurinsa ya yi ƙasa, da allura ya riƙa sayen abinci, har mutanen Bagirmi, inda ya je a 1852, suka yi masa laƙabi da sarkin allura. Haja ce da ba ta nauyaya wa raƙumi, ba ta ruɓewa, kuma babu gidan da ba ya bukatarta.

Zaɓen allura kuwa ilmi ne da ba a rubuta shi a littafi ba, a yatsu yake, yaro yana ɗaukarsa a gaban maigidansa. Asalin ƙa'idar ita ce aikin allura buɗe wa zare hanya, saboda haka sai a dubi zaren tukuna, sannan a dubi tufar. Saƙi da gwado, waɗanda aka saƙa da zaren hannu mai kauri, suna son doguwar allura mai ƙarfi, wadda za ta ratsa tsakanin zare da zare ba tare da ta lanƙwashe ba. Zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, a dafa shi da toka a kaɗa, yana da kaushi da ƙulle-ƙulle, don haka yana bukatar kafa mai tsawo wadda zai wuce ta cikinta sau ɗari bai tsinke ba. Alharini kuwa, da yake siliki ne mai saurin tsefewa, in kafar allura tana da ɗan kaifi ko tsatsa sai ta riƙa aske shi, aiki ya fito da gashi-gashi, mai riga ya ƙi biya. Mafi wuya duka su ne 'yan ƙananan idanun nan da ake cike aljihun riga da su, ɗaruruwa a jere, kowanne sai an huda shi an kewaye bakinsa da zare, in allura ta yi girma ido ya wage, in ta yi ƙanƙanta zare ya maƙale. A ganina wanda ya iya wannan shi ya cancanci a kira shi gwani, ba mai yawan ado ba.

Sauran masu sana'a kowa da tasa. Baduku ba ya tura allura cikin jar fatar akuya kai tsaye, sai ya fara hudawa da basilla sannan ya bi da siririn tsirin fata. Gyartai ma haka yake yi wa fasasshiyar ƙwarya. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, buhunan da aka tara dala-dala a Kano da babbar allura da igiya aka ɗinke bakinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya karkatar da ciniki daga sahara zuwa bakin teku. Akoko da alawayyo da atamfa suka cika kantuna, masu faɗi, masu matsattsiyar saƙa, waɗanda ba su bukatar a harhaɗa sawaye, suna kuma son allura siririya mai tsini ƙwarai; a bayansu keken ɗinki ya biyo, irin wanda Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka a 1851, shekarar da Barth ke yawo a Kurmi. Allurar keke ta saɓa wa ta hannu, domin kafarta a wajen tsini take, kuma tana zuwa da lamba a jikinta, sai tela ya koyi cewa lamba 14 ta dace da yadi matsakaici, 16 da 18 na kaki ne da masu kauri, boyel da leshi kuwa sai a sauko ƙasa. Abin da yake a yatsu ya koma a takardar kwali, wanda hakan sauƙi ne babu shakka, ko da yake shadda mai sabon bugu har yau takan tona asirin telan da ya dogara da lamba kaɗai, domin dakusasshiyar allura tana barin mata huji da ba ya rufewa, komai lambarta.

Aikin hannu bai mutu ba, hannun da ke yinsa ne ya canja. Daga wajen shekarun 1970 matan cikin birnin Zariya suka shiga aikin riga, wanda a da na maza ne, kamar yadda suka shiga na hula, kuma a yau da yawa daga cikin manyan rigunan da ake sawa ranar hawan salla a cikin gidaje aka cike askarsu, da zaren kanti a kan shadda, bisa zanen da har yanzu namiji ne yakan fitar.