Canjin Hannu da Rubutun Bakin Titi

Kafin 2 ga Afrilu, 1972, direban da ya taso daga Sakkwato a hannun hagu yake tuƙi, gadon Ingila. In ya tsallaka Illela zuwa Birnin Ƙonni, sai ya koma dama, irin ta Faransa. Ranar nan Najeriya ta yi canjin hannu, dole aka juya allunan titi.

Wane rubutu zai isa ga ɗan boko, da mai ajami, da baƙon Nijar lokaci guda? A 1968 ƙasashe sun ba da amsa a birnin Biyanna: siffa da launi. Jan da'ira hani ne. Shuɗi mai jan baki da jan layi a karkace, ba a ajiye mota. Farin keke kan shuɗi, hanyar masu keke ce.

Motar da aka ajiye a gefen titi tana tura mai keke tsakiyar manyan motoci da 'yan kabu-kabu. Allon da direba bai gane da kallo ɗaya ba, bai ceci kowa ba.

Mu masu koyon rubutu, ga ma'auni: mai karatunmu ma a guje yake. Mu rage kalma, mu bar ma'ana.