Hutu a Zanzibar: Abin da ya kamata matafiyi ya sani

Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya da ke cikin Tekun Indiya, kuma manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba. Akasarin mazauna yankin Musulmi ne masu magana da Swahili, don haka masallaci da abincin halal ba sa wuyar samu.

Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai ya nema ta intanet tun yana gida, kuma amsa kan ɗauki makonni. Wanda ya yi gaggawar sayen tikiti kafin biza ta fito na iya tafka asara. Ana kuma buƙatar katin rigakafin cutar shawara, da inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun daga Oktoban 2024.

Mai tasowa daga Anka, Gummi ko Bukkuyum zai iya hawa jirgin Ethiopian Airlines a Kano ko Abuja, ya yada zango a Addis Ababa. Ruwan sama kan tsananta a tsibiran daga Maris zuwa Mayu. Lokaci mafi dacewa shi ne Yuni zuwa Oktoba, daidai lokacin da damina ta kankama a Zamfara.