Kano zuwa Jidda: nisan tafiya da sa'o'in da jirgi ke ɗauka

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Hanyar tana ratsa yankin Tafkin Chadi, da ƙasar Chadi, da Sudan, kafin jirgi ya tsallaka Bahar Maliya ya sauka a gaɓar Saudiyya. A tikiti ana rubuta filin Kano da KAN, na Jidda kuma JED.

Jirgin fasinja na zamani kan yi gudun kusan kilomita 850 a sa'a idan ya daidaita a sama. Idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar kai tsaye kan ci sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Ƙarfin iska da inda ta dosa kan ƙara wasu mintuna ko su rage.

Sai dai ba kullum ake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, abin da ya tilasta wa jiragen alhazan Najeriya yin zagaye. Tafiyar ta ƙaru da fiye da sa'a guda, man da jirage ke sha ma ya ƙaru. Haka kuma wanda ya yada zango a Alkahira zai yi kimanin kilomita 4,300, ban da zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo.

Abin da ya fi rikita matafiya shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'o'i biyu, kuma lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10:00 na dare, ya yi sa'o'i huɗu da rabi, zai sauka da ƙarfe 4:30 na asuba agogon Jidda, alhali a Kano ƙarfe 2:30 ne. A dawowa lissafin kan juya: wanda ya tashi da 12:00 na rana zai iso Kano da 2:30 na rana. Rashin lura da wannan kan sa ɗan kasuwa ya saɓa alƙawari, ko mai tarbar baƙo ya iso filin jirgi a makare.

Saukar jirgi ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Filin Jidda, wanda aka buɗe a 1981, yana arewa da birnin, kuma daga nan zuwa Makka akwai kusan kilomita 100. Ya kamata matafiyi ya sanya wannan, da lokacin tantance fasfo da karɓar kaya, cikin lissafinsa tun kafin ya bar gida.