Ciwon diddige: Musabbabinsa da hanyoyin magance shi

A birnin Katsina, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, jama'a da dama na neman abinci ne a tsaye: mahauta da 'yan dako a Babbar Kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, da mata masu tuyar ƙosai.

Irin waɗannan mutane ne suka fi fama da ciwon diddige, wanda masana suka ƙiyasta cewa yana kama kusan mutum 1 cikin 10 a tsawon rayuwa, musamman tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Yadda ciwon yake

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, wadda ta taso daga ƙashin diddige ta kai gindin yatsu. Ita ce ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, tana miƙewa duk lokacin da mutum ya taka ƙasa.

Idan nauyi ya yi mata yawa, sai ta fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan a daidai inda ta haɗu da ƙashi.

Babbar alamar ciwon ita ce zafi mai kama da sukar ƙusa a takun farko bayan tashi daga barci, wanda mutane da yawa ke ji yayin da suka tashi alwalar asuba. Zafin kan lafa bayan 'yar tafiya, ya dawo bayan dogon zama ko tsayuwa.

Ciwon dai ya bambanta da faso da kaushin da ke addabar jama'a lokacin hunturu, domin su matsalar fata ce.

A da an ɗauka kumburi ne kawai. Sai dai wani bincike da Dokta Harvey Lemont da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a shekarar 2003 ya nuna cewa jijiyar lalacewa take yi sannu a hankali. Wannan ne ya sa maganin kashe zafi kaɗai ba ya warkar da ita.

Abubuwan da ke haddasa shi

Daga ciki akwai doguwar tsayuwa a kan siminti ko tayil, da ƙiba, da ɗaurewar naman sha-raɓa, da shafaffen tafin ƙafa.

Haka kuma silifas da takalman da suka suɗe ba sa tallafa wa ƙafa.

Ƙara yawan tafiya farat ɗaya ma na jawo shi. Maniyyacin da bai saba tafiya ba kan gamu da shi a ƙasa mai tsarki, inda sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3.

Kulawa a gida

Likitoci sun ce kusan mutum 9 cikin 10 na samun sauƙi ba tare da tiyata ba, amma hakan kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara guda.

Mataki mafi muhimmanci shi ne miƙar da jijiyar. Mai ciwon zai zauna, ya ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ya ja yatsun baya da hannu har ya ji tafin ya miƙe, ya riƙe tsawon daƙiƙa 10. Ana maimaitawa sau 10, sau 3 a rana, kuma na farko kafin a taka ƙasa da safe.

Ana kuma dafa bango a miƙar da sha-raɓa, a riƙa mirgina kwalbar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin na kimanin minti 15.

Ya kamata a sa takalmi mai taushin ciki da ɗan tudu a diddige, ko da a tsakar gida ne, a kuma rage tsayuwa. Mai sana'ar tsaye zai amfana da kujera a kusa, mai ƙiba kuma da rage nauyi.

Farasitamol da ibuprofen na rage zafi. Amma shan ibuprofen ko diclofenac na tsawon lokaci, kamar yadda wasu ke saye a kemis ba da izinin likita ba, na iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Masu juna biyu kuma sai sun tuntuɓi likita.

Lokacin zuwa asibiti

Idan aka yi makonni biyu babu sauƙi, ko ƙafar ta kumbura, ko ta yi sanyin jiki kamar ba ta mutum ba, ko aka kasa takawa, to sai a ga likita. A Katsina akwai Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

Galibi likita kan gane ciwon ta hanyar tambaya da danna diddigen. Hoton ƙashi kan nuna wani ɗan tsiro, amma mutane da yawa na da shi ba tare da jin ciwo ba.

Akwai allurar da ake yi a diddige, sai dai sauƙinta na 'yan makonni ne, kuma yawan yin ta na iya tsinka jijiyar. Tiyata ita ce matakin ƙarshe.

Likitoci na gargaɗi game da yin tsaga ko sakiya a diddige, da gasa shi da ruwa mai tsananin zafi, musamman ga masu ciwon suga, waɗanda ƙaramin rauni a ƙafa kan zame musu gyambon da zai kai ga yanke ta.