Inge Lehmann da Ƙwayar da ke Tsakiyar Duniya

 Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne tarihin wani babban masani daga cikin masana kimiyyar yanayin cikin ƙasa, da irin gudummawar da ya bayar. Da na zauna na yi tunani sai na ga wanda ya fi dacewa in ɗauka ba namiji ba ne, mace ce, mutuniyar ƙasar Denmark, sunanta Inge Lehmann. Dalilina kuwa shi ne, a cikin aikinta ne mutum zai fi gane yadda masu wannan fanni suke sanin abin da ido bai taɓa gani ba.

Bari mu fara da wahalar da ke cikin al'amarin. Daga inda muke zaune yanzu zuwa tsakiyar duniya akwai tafiyar kilomita wajen 6,371. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne wanda Tarayyar Sobiyat ta haƙa a yankin Kola, wanda a 1989 ya kai mita 12,262, watau kilomita goma sha biyu da ɗoriya. In an gwada wannan da abin da ya rage, sai a ga ko ɓawo ba a huda ba. To, ta yaya aka san abin da ke ciki? Duk wanda ya taɓa ganin mace tana sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ya riga ya san rabin amsar. Ba ta fasa tukunyar don ta ga lafiyarta, ƙwanƙwasawa take yi ta kasa kunne. Girgizar ƙasa ita ce ƙwanƙwasar, na'urorin auna girgiza kuwa da aka kakkafa a ƙasashe su ne kunnuwan.

In ƙasa ta girgiza, igiyoyin motsi iri biyu ne suke ratsa cikinta. Ta farko, wadda masana suke yi wa alama da harafin P, matsawa take yi tana saki, kamar yadda sauti yake tafiya, tana kuma ratsa dutse da ruwa duka. Ta biyu, mai harafin S, kaɗawa take yi gefe da gefe, kamar an kaɗa igiyar guga, ba ta da saurin ta farko, kuma ba ta iya ratsa abin da yake ruwa-ruwa. Duk inda igiya ta fita daga wani irin jiki ta shiga wani, sai saurinta ya sake, hanyarta ta karkace, wani sashe nata kuma ya komo baya. Da lokacin isowar igiyoyin nan tashoshi dabam-dabam ake lissafa abin da suka ratsa.

Kafin Lehmann ta shiga fagen an riga an yi nisa. A 1906 Richard Oldham, Baturen Ingila, ya nuna cewa duniya tana da ƙwallo a tsakiyarta. A 1909 Andrija Mohorovičić ya gano iyakar da ta raba ɓawo da tsokar da ke ƙarƙashinsa. Bayan 'yan shekaru Beno Gutenberg, Bajamushe, ya ƙiyasta cewa ƙwallon yana farawa ne a zurfin kilomita wajen 2,900, lissafin da har yau bai kauce da yawa ba. A 1926 kuma Harold Jeffreys na Kambirij ya kawo hujja mai ƙarfi cewa ƙwallon nan narkakke ne. Saboda haka surar duniya a wurin masana ta zama kamar goruba: ɓawo, tsoka, da ƙwallo, sai dai wannan ƙwallon ba mai tauri ba ne, ruwan ƙarfe ne. Kowa ya gamsu, aka ɗauka magana ta ƙare.

An haifi Inge Lehmann a birnin Kopenhagen ran 13 ga Mayu, 1888. Mahaifinta, Alfred Lehmann, malamin jami'a ne, masanin halayyar ɗan Adam. Ya sa ta a makarantar wata mata mai suna Hanna Adler, 'yar'uwar mahaifiyar Niels Bohr, shahararren masanin nan na kimiyyar ƙwayar zarra. A wannan makaranta maza da mata darasi ɗaya suke ɗauka, ba a ware wa 'yan mata wani abu mai sauƙi, alhali kuwa a Turai ta wancan zamani wannan baƙon abu ne. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa sai da ta fita duniya ta gane ba haka sauran mutane suke kallon al'amarin ba.

A 1907 ta shiga Jami'ar Kopenhagen karatun lissafi. A 1910 ta tafi Kwalejin Newnham a Kambirij, inda a lokacin mace tana iya zama a aji amma ba a ba ta digiri (ba a gyara wannan ba sai 1948). Ta yi ta matsa wa kanta da karatu har jiki ya gaza, ta komo gida a 1911. Daga nan sai ta kama aikin lissafi a ofishin inshora, ta yi shekaru tana ƙididdigar kuɗi da yawan mace-mace. Mai kallo daga nesa zai ce an yi asarar shekarun nan. Ni kam ina ganin a can ne ta koyi haƙuri da dogayen jerin lambobi, ta kuma koyi rarrabe kuskuren awo da abin da yake gaskiya ne amma ba a saba gani ba, kuma wannan shi ne jarin da ta ci riba da shi daga baya. Ta koma jami'a a 1918, ta gama a 1920, tana da shekara 32.

Shigarta fannin girgizar ƙasa kusan a ce katari ne. A 1925 ta zama mataimakiyar Farfesa Niels Erik Nørlund, wanda aka ɗora wa nauyin kafa tashoshin auna girgiza a Denmark da tsibirin Girinlan. Aka kafa ɗaya kusa da Kopenhagen, biyu a Girinlan, a Ivigtut da Scoresbysund. A 1928 aka naɗa ta shugabar sashen nazarin girgizar ƙasa na Cibiyar Awon Ƙasa ta Denmark, muƙamin da ta riƙe shekara 25. Kada kalmar "shugaba" ta ruɗe ku. Yawancin lokaci ita ce mai karanta takardun da na'urori suka zana, ita ce mai lissafi, ita ce mai shirya rahoto. Takardun Scoresbysund kuwa sai ƙanƙara ta saki teku jirgin ruwa ya samu hanya sa'an nan su iso. Ba kwamfuta a lokacin. Kowace girgiza tana rubuta bayananta a kan ƙananan katuna, tana jera su a cikin kwalayen hatsin karin kumallo da aka cinye abin da ke ciki. Abin mamaki, Denmark ƙasa ce da ba ta cika girgiza ba, sai dai wurin da take ya dace da sauraron girgizar da ta auku a can ɗaya ɓangaren duniya, a kudancin tekun Fasifik.

Yanzu mun zo ga zuciyar magana, ina roƙon ku ƙara kasa kunne. Igiyar P tana ƙara sauri yayin da take nutsawa cikin tsoka, har ta haura kilomita 13 a daƙiƙa guda. Da ta shiga narkakken ƙwallo sai saurin ya faɗi zuwa wajen kilomita 8, ta karkace ƙwarai zuwa ciki. Sakamakon haka shi ne akan sami wani yanki a bayan ƙasa, kamar ɗamara, daga nisan digiri wajen 104 zuwa wajen 140 daga inda girgizar ta auku, wanda igiyar ba ta isa kai tsaye. Digiri ɗaya kuwa kilomita 111 ne. Wannan yanki shi ake kira inuwa. Bisa ga surar goruba da muka ambata, tashar da ta faɗa cikin inuwa bai kamata ta ji igiyar P ba. Amma tashoshin suna ji. Masana sun san da haka, sai suka ce ai ɗan ragowar motsi ne da ya lanƙwasa ya zagayo gefen ƙwallo, kamar yadda kake jin muryar mutumin da ke bayan katanga ko da ba ka ganinsa. Da wannan bayani aka rufe bakin kowa.

A watan Yuni na 1929 wata babbar girgiza ta auku kusa da garin Murchison a Niyu Zilan, ta kashe mutum 17. Lehmann ta tattara zanen da tashoshi da dama suka yi, har da na Irkutsk da Sverdlovsk a Tarayyar Sobiyat, waɗanda suka faɗa cikin inuwa. Ta ga alamun sun fito sarai, suna da ƙarfin da ya wuce a ce ragowa ne, kuma motsinsu ya fi bayyana a na'urar da ke auna motsin sama da ƙasa, alamar cewa daga can ƙarƙashi suka taso. Sai ta yi abin da nake ganin shi ne ainihin gwanintarta: maimakon ta tsunduma cikin lissafi mai sarƙaƙiya, ta ƙaga wata duniya mai sauƙi a takarda, wadda igiya take tafiya a miƙe, kilomita 10 a daƙiƙa cikin tsoka, 8 cikin ƙwallo. Sa'an nan ta tambayi kanta, in aka sa wata ƙaramar ƙwaya a tsakiyar ƙwallon, wadda igiya take ƙara sauri a cikinta, ina igiyoyin za su ɓullo? Lissafi ya nuna cewa waɗansu za su doki bakin ƙwayar su karkato waje, su faɗa daidai cikin inuwa, a lokutan da suka yi kusa da abin da tashoshi suka rubuta.

Ta buga wannan bincike a 1936 a mujallar ofishin ƙasa da ƙasa na nazarin girgizar ƙasa da ke Strasbourg a Faransa. Sunan maƙalar harafi ɗaya ne da ɗan ɗigo a kansa, P′, watau alamar igiyoyin da suka ratsa ƙwallo. Ta ƙiyasta cewa daga tsakiyar ƙwayar zuwa bakinta kilomita wajen 1,400 ne. Awon yau ya ba da wajen 1,220. Ya kamata in jawo hankalinku ga yadda ta yi taka-tsantsan. Ba ta ce ta tabbatar ba. Abin da ta ce shi ne wannan bayani yana iya ɗaukar abin da aka gani, kuma bai saɓa wa komai ba. Ba ta kuma ce ƙwayar daskararriya ce ba, ko da yake sau da yawa za ku ji ana jingina mata wannan.

Gutenberg da Charles Richter suka karɓi ra'ayin a 1938, Jeffreys ya bi baya a 1939. Francis Birch a 1940 da Keith Bullen a 1946 su ne suka kawo shawarar cewa ƙwayar daskararren ƙarfe ce. Hujja mai gamsarwa ba ta samu ba sai 1971, sa'ad da Adam Dziewonski da Freeman Gilbert suka yi nazarin yadda duniya ɗungurungum ta yi ta amo kamar ƙararrawa bayan babbar girgizar Alaska ta 1964. Shekara 35 ke nan tsakanin hasashe da tabbaci, kuma Lehmann tana da rai ta gani.

Mai tambaya zai ce, to me ya dame mu da abin da ke ƙarƙashinmu da kilomita 5,150? Ƙwayar nan, wadda faɗinta ya kai wajen kashi 70 cikin ɗari na faɗin wata, zafinta ya yi kusa da na fuskar rana, amma nauyin da ke danne ta, wanda ya haura na iskar da ke kanmu sau miliyan uku, ya sa ta daskare duk da zafin. A hankali duniya tana hucewa, ƙarfe yana daskarewa a bakin ƙwayar, tana ƙaruwa da kamar milimita guda a shekara. Zafi da abubuwa marasa nauyi da wannan daskarewa take saki suna taimakawa wajen motsa narkakken ƙarfen da ke kewaye, motsin nan kuwa shi yake haifar da ƙarfin maganaɗisun duniya. Shi ne yake juya allurar kamfas ɗin da matafiyi yake neman arewa da ita, shi ne kuma yake kare mu daga ɓarɓashin da rana take watsowa.

Sauran rayuwar aikinta ba ta tafi sumul ba. Yaƙin Duniya na Biyu, da mamayar da Jamus ta yi wa Denmark daga 1940 zuwa 1945, sun yanke ta daga tashoshin Girinlan da abokan aikinta na waje. A 1952 aka duba sunanta don kujerar farfesa a Jami'ar Kopenhagen, ba a ba ta ba. A 1953 ta ajiye aikin gwamnati tana da shekara 65. Wani zai ce sai hutu, amma a lokacin ne ta samu sararin da ba ta taɓa samu ba. Ta riƙa zuwa Amurka da Kanada, musamman cibiyar Lamont ta Jami'ar Kolombiya wurin Maurice Ewing. Zamanin gwajin makaman nukiliya ne, gwamnatin Amurka tana zuba kuɗi a wannan fanni don ta iya bambanta girgizar ƙasa da fashewar bam a ƙarƙashin ƙasa. Ga mai bincike, fashewar bam tana da wani amfani da girgiza ba ta da shi, domin an san daidai wuri da daƙiƙar da ta auku. Da irin waɗannan bayanai da na girgiza ta yi nazarin sashen sama na tsokar duniya, ta nuna wata iyaka a zurfin kilomita wajen 220 inda saurin igiya yake ƙaruwa. Ana kiran wannan iyaka da sunanta, har yanzu kuma masana suna muhawara a kan abin da ke jawo ta, domin ta fi bayyana a ƙarƙashin nahiyoyi bisa ga ƙarƙashin teku.

Girmamawa ta zo a makare, amma ta zo. Jami'ar Kolombiya ta ba ta digirin girmamawa a 1964, ta Kopenhagen a 1968. A 1971 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar William Bowie, mafi girma a ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka, ƙungiyar da daga baya ta kafa wata lamba da sunan Lehmann. Rubutunta na ƙarshe, wanda ta ba da labarin yadda ake aikin auna girgiza a zamanin da, ya fito a 1987. Ta rasu a Kopenhagen ran 21 ga Fabrairu, 1993, saura wata uku ta cika shekara 105.