Iskar Hiliyam da Tarihin Bin Sawun Mai a Ƙarƙashin Ƙasa

Duk mai haƙar rijiya a Yalwan Damai, ko a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ya san cewa ruwa yana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa akan haƙa rijiyoyi biyu kusa da juna, ɗaya ta kawo ruwa, ɗaya kuwa ta ƙafe. Haka al'amarin man fetur yake. Shi mai ba kwance yake kamar tafki ba, a cikin ƙananan ƙofofin dutsen yashi yake maƙale, kamar yadda ruwa kan zauna cikin soso. Saboda haka samun mai daban, sanin hanyar da yake bi kuma daban. Wannan maƙala za ta dubi yadda iskar hiliyam ta taimaka wajen warware matsala ta biyun.

A 1868 masana suka fara ganin alamar hiliyam cikin hasken rana, sa'an nan a 1895 William Ramsay ya samo ta cikin wani ma'adini a Ingila. Amma dangantakarta da rijiyoyi ta faro ne daga garin Dexter na Jihar Kansas a Amurka, inda a 1903 aka haƙo wata iskar gas wadda ta ƙi kama wuta. A 1905 Hamilton Cady da David McFarland na Jami'ar Kansas suka auna ta, suka tarar kusan kashi 2 cikin 100 nata hiliyam ce.

Wannan hali na ƙin kama wuta shi ne ya zama darajarta. Hiliyam ba ta ƙonewa, ba ta da dafi, ba ta kuma haɗuwa da wani sinadari ta rikiɗe. Idan filin mai ya tsufa, ƙarfin da ke turo man sama yakan ragu, sai a riƙa ɗura iskar gas ta wata rijiya domin ta koro man zuwa sauran rijiyoyin. To, amma ina gas ɗin ya nufa? Idan ya sami tsaga a dutse, sai ya zarce ya bar man a baya, dukiya ta salwanta. Dabarar ita ce a gauraya hiliyam kaɗan cikin gas ɗin, sa'an nan a dinga ɗibar samfuri daga rijiyoyin kewaye. Rijiyar da hiliyam ta ɓulla da wuri tana da buɗaɗɗiyar hanya, wadda kuwa ba ta ɓulla ba akwai shamaki tsakani. Misalinsa shi ne a zuba shuni a bakin kwari a je a jira inda zai fito. Sharaɗi guda shi ne a fara auna hiliyam ɗin da ke cikin filin tun asali, domin duwatsu masu yuraniyam, irin dangin duwatsun Birnin Kudu, su ma suna haifar da ita sannu a hankali.

Hukumar Ma'adinai ta Amurka, wadda a wancan lokaci hiliyam ke hannunta tun dokar 1925, ita ta jarraba wannan dabara a filin Elk Hills na Kalifoniya, ta buga sakamakon a 1946, ta kuma maimaita a Cabin Creek. Daga baya wasu sinadarai da ake iya ganowa ko da ƙwaya ce suka karɓi yawancin aikin, amma tushen dabarar bai sake ba.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Nijeriya ta sami mai a Oloibiri a 1956, amma rijiyoyi 23 da aka haƙa a yankin Tafkin Chadi ba su ba da man kasuwa ba. A Nijar, man Agadem ya fara isa matatar Damagaram a 2011. A 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, aka kuma ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022. Kowane ɗayan waɗannan filaye zai tsufa wata rana, tambayar Elk Hills kuma za ta taso. Idan ba a horar da 'yan ƙasa masu iya auna tafiyar mai ba, za a bar rabo mai yawa cikin dutse, ko kuwa a dogara ga abin da baƙo ya faɗa.