Asalin Kalma: Texas

Da wuya mai jin sunan Texas ya kawo kalmar zumunci a ransa. Abin da ke fara faɗo masa shi ne rijiyoyin mai da makiyaya masu malafa. Amma a bisa bayanin da ya fi karɓuwa, sunan ya samo asali ne daga "taysha", wato aboki ko abokin ƙawance a harshen Caddo, mutanen da ke noman masara a gabashin yankin tun kafin zuwan Turawa.

Sifaniyawa suka ji kalmar, suka ɗauka sunan ƙabila ne, suka rubuta ta Tejas ko Texas. A 1690 har sun kafa wata majami'ar mishan mai suna San Francisco de los Tejas. A tsohon Sifaniyanci, harafin x yana ba da sautin "sh" ne. Daga baya sautin ya koma kusa da "h", shi ya sa a Meziko har gobe "Tehas" ake cewa. Masu jin Ingilishi kuwa suka karanta harafin yadda suka saba, aka sami "Teksas".

Yankin ya ɓalle daga Meziko a 1836, ya shiga Amurka a 1845. Daga sunan ne aka sami Tejano, wato 'yan Texas masu tushen Meziko, da kuma kiɗansu.

A 1930 jihar ta ɗauki "Abota" a matsayin takenta. Abin takaici, su Caddo masu kalmar tun 1859 aka tasa ƙeyarsu zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu.